Idan ƙungiya ta ce "mu", wa ya yi magana?

Mai karatu, a shirinmu na tunani da hikima mun taɓo wata magana da rabin awa bai ishe ta ba, shi ya sa muka shimfiɗa ta a takarda, inda mutum zai iya komawa baya idan wani wuri ya shige masa duhu. Kullum kana jin ana cewa "ƙungiyarmu ta yarda", "garinmu ba ya son haka", "jam'iyya ta gane inda ta kauce". To, ƙungiya dai ba ta da kai, ba ta da zuciya, ba ta kwanciya ta yi ta saƙa da warwara. A ina wannan yarda take zaune? Kuma ta yaya ƙungiya ke gane cewa maganar da ake yi, da ita ake?

Bari mu fara da mutum ɗaya, don abin ya fi sauƙin kamawa. A shekarar 1979 wani masanin falsafa ɗan Amurka, John Perry, ya ba da labarin abin da ya same shi a babban kanti, irin wanda mai saye ke tura ɗan amalanke yana ɗiban kaya da kansa. Ya ga sukari a zube a ƙasa, ya yi layi. Ya ce lallai buhun wani ne ya tsage, bari ya bi sawu ya gaya masa. Ya zagaya kantar kaya, ya sake zagayawa, sukari sai ƙaruwa yake, mai ɓarnar kuma bai kamu ba. Can sai ta faɗo masa: ashe daga nasa amalanken yake zuba. Ya tsaya cak ya gyara buhu.

Ka lura da abin da ya canza. Tun farko ya san akwai mai zubar da sukari, kuma gaskiya ya sani. Ko da an ce masa "John Perry ne ke zubarwa", in da mantuwa ta kama shi har bai san sunansa ba, zai ci gaba da zagaye ne yana neman wannan John Perry ɗin. Abin da ya tsayar da amalanken shi ne ƴar ƙaramar kalmar nan, "ni". Mutum yana iya sanin abu game da kansa, bai san kansa ne ba, kuma irin wannan sani ba ya ɗaga ƙafa.

Yanzu mu mayar da "ni" ta zama "mu". A ce ga ƙungiyar masu sayar da hatsi a wani gari na bakin iyaka. Aka yi sanarwa a rediyo cewa rumfunan da ke fili mai lamba kaza sun shekara biyu ba a biya musu haraji ba, in wata ya ƙare za a ƙwace. Ƴan ƙungiya suka ji, suka yi ta Allah wadai: wane irin sakaci ne wannan, mutane ba shugabanci? Babu wanda ya haddace lambar filinsu. Wannan shi ne Perry yana bin sukarinsa.

Amma a nan ƙungiya ta fi mutum ɗaya sarƙaƙiya. Sakatare ya koma gida ya duba takarda, gabansa ya faɗi, filinsu ne. Ya sani ke nan. Ƙungiya ta sani? A'a. Ya raɗa wa ma'aji, ma'aji ya raɗa wa amininsa, kafin mako ya zagayo kowa ya ji, amma kowa yana zaton shi da mutum biyu ne kawai ke da labari, kuma ba mai son a ce daga bakinsa ta fito. Mutum hamsin sun sani, ba a tara ko dala ba. Sai ranar taro wani dattijo ya miƙe ya ce, "Jama'a, mu ne fa." Babu wanda ya ji sabon labari a wannan lokacin. Abin da ya ƙaru shi ne kowa ya san kowa ya sani, kowa kuma ya san an san ya sani. Daga nan ne ake iya zagayawa da hula. Wani masanin, David Lewis, ya yi dogon bayani a kan irin wannan sani na bainar jama'a tun 1969, kuma duk wanda ya taɓa zaman majalisar unguwa ya san shi ba tare da littafi ba.

Harshenmu ma ya ba mu ƙofar zillewa, kuma muna amfani da ita sosai. Ka saurari mutum a bakin famfon gari da ya lalace: "An ƙi biyan kuɗin gyara." An ƙi. Su wa? "Mutanen garin nan ba sa haɗa kai." Shi kuma a garin aka yanke masa cibiya. Wannan "an" tana faɗar gaskiya, tana kuma fitar da mai magana daga ciki lafiya lau. Da ya ce "mun ƙi", da tambaya ta biyo shi: to kai nawa ka bayar? A 1976 Robert Cialdini da abokan aikinsa sun tambayi ɗaliban jami'a a Amurka yadda wasan ƙwallon makarantarsu ya ƙare, suka ga idan an yi nasara ɗalibai sun fi cewa "mu", idan an sha kashi sai ta koma "su". Mai bin wasan ƙwallo a gidan kallo ba ya bukatar a fassara masa wannan.

Masu jin Fillanci a cikinku, na Marwa da Garwa da sauran wurare, kuna da abin da Hausa ba ta da shi. A Fillanci "mu" iri biyu ce: akwai "en", wadda ta haɗa da wanda ake yi wa magana, akwai "min", wadda ta bar shi a waje. Bahaushe kuwa "mu" ɗaya ce gare shi. Idan ɗan siyasa ya hau mumbari ya ce "mun samu ci gaba", sai ka yi ta lissafi ko kana ciki.

Sai mu koma ga tambayar farko. Amsar da ta fi saurin zuwa ita ce: ra'ayin ƙungiya ai ra'ayin mafi yawan mutanenta ne, a tara a ƙirga. Margaret Gilbert, haifaffiyar Ingila da ta koyar a Amurka, ta ce wannan lissafi bai fita ba, kuma ta kafa hujjarta a littafin da ta fitar a 1989 da rubuce-rubucen da suka biyo baya. Misalinta mai sauƙi ne, tafiya tare. Ku biyu kun taso daga kasuwa za ku gida, kun ce ku jera. Abokinka ya ƙara sauri, kana da bakin cewa, "Haba, ba tare muke ba?" Shi ma ya san da wannan haƙƙin naka, zai rage sauri ko ya ba da uzuri. Amma baƙon da hanya ce kawai ta haɗa ku, in ka ce masa haka zai dube ka ya ce ina ruwanka. Ƙafafu huɗu ne a hanya ɗaya a duka biyun. Bambancin shi ne na farko akwai ɗauri a tsakaninku, wanda ku biyu kuka ƙulla, kuma ɗaya ba ya kwance shi shi kaɗai.

Gilbert ta ce yardar ƙungiya ma haka take: mutane sun ɗaure kansu su tsaya a kan magana kamar jiki ɗaya. Ka dubi zaman dangi a kan auren ƴarsu. Kawu ya ce yaron bai kwanta masa ba. Aka yi ta magana, aka tsaya a kan a ba shi. Gobe kawun nan ne zai karɓi baƙi, in sun tambaya ya ce, "Mun amince." Ƙarya ya yi? Ko kaɗan. Gidan ya amince, shi kuma da bakin gida ya yi magana. In yana son fito da abin da ke ransa, dole sai ya sa wata alama a gaba: "Ni dai a nawa ganin..." Wannan ɗan share fage da muke yi ba tare da mun lura ba, shi ne shaidar cewa matsaya biyu ce, ta gida da ta mutum. Kuma in ya je yana kushe yaron a waje ba tare da wannan alama ba, dangi suna da bakin kiransa su ja masa kunne.

Masu sukar Gilbert sun ce abin da ta bayyana ɗaukar matsaya ne kawai, bai kai a kira shi yarda ba, don yarda da gaskiyar abu ba a yin ta da ɗaga hannu. Suna da tasu hujjar. Ni abin da ya fi damuna wani ne daban. A tarukanmu shugaba kan faɗi magana, a yi shiru, sakatare ya rubuta "an amince". Matasa suna baya, mata wani lokaci ba su ma cikin ɗakin. Shirun wanda ya gamsu da shirun wanda ke jin nauyin furfura ɗaya ne a kunne. Ɗaurin da aka yi da shiru na biyu, da wuya in kira shi ɗaurin kowa da kowa.

Wani zai ce to a daina shiru, a kaɗa ƙuri'a, magana ta ƙare. Ga inda gizo ke saƙa. Ɗauki ƙungiyar manoman albasa mai kwamitin mutum uku. Suna tunanin cin bashin banki su gina ma'ajiya, don kada su riƙa sayarwa da arha lokacin da kaya ya cika kasuwa. Dokarsu ta ce ba a cin bashi sai abu biyu sun tabbata: muna bukatar abin, kuma za mu iya biya. Na farko ya ce muna bukata, za mu iya biya, a ci. Na biyu ya ce muna bukata ƙwarai, amma ba za mu iya biya ba, kada a ci. Na uku ya ce biya ba matsala ba ne, sai dai rumbunan da muke da su sun isa, kada a ci.

Ƙirga da ni. A kan "muna bukata", biyu sun ce e. A kan "za mu iya biya", biyu sun ce e. A kan "a ci bashi", biyu sun ce a'a. Ƙungiya ta yarda tana bukata, ta yarda za ta iya biya, ta yarda duk lokacin da waɗannan biyu suka haɗu a ci bashi, sannan ta ce ba za ta ci ba. Kowane ɗaya daga cikin mutanen uku maganarsa a tsare take, kai da gindinta sun haɗu. Ƙungiyar ce ke tufka da warwara. Malaman shari'a biyu, Lewis Kornhauser da Lawrence Sager, su suka fito da wannan matsala a 1986 game da kotun da alƙalai da yawa ke zama a kan ƙara ɗaya. Daga baya Christian List da Philip Pettit suka nuna da lissafi, a 2002, cewa ba tsautsayi ba ne: babu wata hanyar ƙirga ƙuri'a da za ta cika ƴan sharuɗɗan adalcin da suka gindaya, ta kuma ba da tabbacin cewa sakamako ba zai taɓa cin karo da kansa ba.

Saboda haka dole ƙungiya ta zaɓa. Ko ta kaɗa ƙuri'a a kan dalilan biyu, hukunci ya biyo su, a ci bashin da biyu cikin uku ba sa so. Ko ta kaɗa a kan hukunci kawai, ta ƙi bashi, amma in mambobi suka tambayi dalili ba ta da amsa ɗaya da rinjaye ke bayanta. Ka ga ashe wanda ke tsara tambayar da za a kaɗa wa ƙuri'a yana riƙe da wuƙa da nama, ko da shi bai ɗaga hannu ba. A littafinsu na 2011 List da Pettit sun ɗora a kan wannan: ƙungiyar da ke son maganarta ta yau ta yi daidai da ta jiya, wata rana sai ta riƙe matsayar da yawancin mutanenta ba su riƙe ba. A nan ne ta zama wani abu mai ra'ayin kansa. Ba aljani ne ya shige ta ba. Ra'ayin yana cikin littafin sakatare, da dokar taro, da mutanen da suka yarda su yi aiki da shi. Bayan shekara biyar kwamiti ya canza gaba ɗaya, banki ya aiko takarda, sababbin ba su da damar cewa "an ci bashi". Sai dai su ce "mun ci".

Akwai kuma inda jama'a ke kuskuren sanin abin da take so, kuma wannan ya bambanta da na kawu. Kawu ya san gida ya saɓa masa. A nan kuwa kowa yana bin abin da yake zaton sauran ke so, alhali su ma shi suke kallo. Masana tattalin arziki uku, Leonardo Bursztyn da abokan aikinsa biyu, sun wallafa wani bincike a 2020 da suka yi a birnin Riyad na Saudiyya. Suka tara matasa magidanta 500, rukuni-rukuni na mutum 30 ƴan yanki ɗaya. Aka tambayi kowa a asirce ko ya yarda a bar mata su yi aiki a wajen gida. Kashi 87 cikin 100 suka ce sun yarda. Sannan aka ce kowa ya ƙiyasta mutum nawa ne cikin sauran 29 suka yarda. Mafi yawansu suka faɗi adadin da bai kai na gaskiya ba. Sai aka gaya wa rabinsu ainihin adadin, rabi aka bar su da zatonsu. Waɗanda aka gaya wa sun fi sa sunan matansu a wani tsarin neman aiki, kuma bayan ƴan watanni matan nasu sun fi neman aikin waje da zuwa ganawar ɗaukar aiki. Ba a yi wa kowa wa'azi ba, ba a canza ra'ayin kowa ba. An dai nuna wa mutane maƙwabtansu.

Ka kawo wannan gida ka auna da tsadar kayan aure. Uban ango yana kuka, uwar amarya tana kuka, kowa in ka same shi shi kaɗai zai ce abin ya wuce gona da iri. In an zo yi kuma sai a ce "haka ake yi a garinmu", a ƙara akwati ɗaya don kada a ji kunya. Ga "ake" ɗin nan ta sake dawowa. Zai yiwu garin da gaske yake so, zai yiwu kuma kowa tsoron idon kowa yake, kuma daga waje kamarsu ɗaya. Ba a rarrabe su sai an tambayi mutane inda ba mai ganinsu, sannan a faɗi sakamako inda kowa ke ji.

Iri na ƙarshe shi ne ya fi ban mamaki, kuma da yawa daga cikin masu karanta wannan takarda sun ji shi da kunnensu. A watan Fabrairun 1990 Shugaba Mathieu Kereku na Benin, da tattalin arziki ya durƙushe kuma albashi ya gagara, ya kira taron ƙasa a Kwatano, wakilai kusan 500, ƙarƙashin jagorancin limamin Katolika Isidore de Souza. Shawara aka kira su su bayar. Ana cikin taro, ranar 25 ga wata, suka ayyana cewa su ne masu ikon ƙoli, abin da suka yanke shi ne doka. Ba kundin tsarin mulkin da ya ba su wannan. Jama'a kuwa suna manne da rediyo suna ji kai tsaye. Kereku ya fusata, amma ranar rufe taro, 28 ga wata, ya ce ya karɓa. A 1991 ya faɗi zaɓe ya miƙa mulki ga Nicephore Soglo.

Nijar ta bi sawu. Taron ƙasa ya buɗe a Yamai ranar 29 ga Yulin 1991, wakilai wajen 1,200, Farfesa Andre Salifu yana shugabanta, bai watse ba sai 3 ga Nuwamba. Shi ma ya ayyana kansa mai cikakken iko, ya jingine kundin tsarin mulki, ya rushe gwamnati da majalisar dokoki, ya bar wa Janar Ali Saibu kujera ba iko, ya naɗa Amadu Shaifu firaminista na riƙon ƙwarya.

Ka kwatanta da sukarin Perry. Sukari yana zuba ne ko ya gane ko bai gane ba, ganewarsa ta iske gaskiya ne a ƙasa. Haka manoman albasa, cewa "za mu iya biya" ba ta sa kuɗi a asusu. Amma "mu ne masu iko" ba gaskiya ba ce da safen ranar da wakilan Kwatano suka faɗe ta. Faɗar da suka yi tare, da tsayawar da suka yi a kanta, suna cikin abin da ya mayar da ita gaskiya. Ina cewa suna ciki, don ba su kaɗai ba ne. Sai da ma'aikata da ɗalibai da masu sauraro a gida suka ji wannan "mu" ta haɗa da su, sai kuma da mai riƙe da bindiga ya sauke kai.

Togo ta nuna abin da ke faruwa in na ƙarshen ya ƙi. A Lome ma taron ƙasa ya zauna a Yuli da Agustan 1991, ya ce shi ne mai iko, ya zaɓi Joseph Koffigoh firaminista, ya rage wa Shugaba Eyadema ƙarfi a takarda. Wakilan sun yarda da abin da suka faɗa game da kansu kamar yadda na Kwatano da na Yamai suka yarda. A watan Disamba sojoji suka kai hari da tankoki ofishin firaministan, suka kama shi suka kai shi gaban Eyadema. Eyadema ya ci gaba da mulkin Togo har rasuwarsa a Fabrairun 2005.